Baturen Haruffa

"Ba mai fita sai Baturen nan ya amsa," in ji Alhaji Ilyasu. Ya ja kujera ya tare ƙofar shagonsa na buga takardu a Gazawa.

Saura kwana uku zaɓe, ga takardun wayar da kai jibge. Tun da ma'aikacinsa Nomau ya sabunta kwamfuta, haruffa masu lanƙwasa suka ɓace, ƙasa ta koma kasa.

Nomau ya ce tsarin na kyauta ne, kowace manhaja da mai kula da ita don Allah. Mai kula da ta haruffan Hausa, wanda Alhaji ya ɗauka Bature ne, ya yi wata takwas bai leƙa ta ba.

"Rubuta masa. Ka ce malalaci ne, ya ci amanar Hausawa."

Nomau ya rubuta yana gumi, Alhaji na tsaye a kansa. Yana aikawa, saƙo ya shigo.

"Ka ga Bature, har ya amsa. Karanta mini."

Nomau ya dubi zagin da ya aika wa kansa, don shi ne mai kula da manhajar.

"Alhaji, ya ce zai gyara yau, in maigidansa ya daina tsaya masa a ka."