Kwalabe Biyu a Aljihuna

Wallahi na san ba za ka yarda ba, Malam, amma zauna ka ji, don ni ne misalin da kaina. Unguwarmu ba ta taɓa yin shaƙiyyi kamata ba. A aji huɗu na tsere daga makaranta, amma ko masu digiri sun san hannuna. Da girma ya zo, fitsari ya fara yi mana gardama, ni da taubashina, limamin masallacinmu. Rana ɗaya aka ɗauke mu hoto a asibiti, aka ga tabo a ƙullutun nan na maza da ke ƙasan mafitsara. Likita na kallon hoton yana bin tabon da allura, ya tsakuro tsoka siririya kamar zare, kowa tasa a 'yar kwalba da sunansa. Ya ce a ɗakin gwaji za a duba ko ciwon daji ne, a ba shi mataki: na ɗaya mai barci ne, na biyar mai gudu. Ni aka ba kwalaben in kai. A hanya na ɓamɓare sunayen na musanya, wai in ga ko masu farar riga sun iya bambance naman liman da na shaƙiyyi, in samu na ba da labari a majalisa.

Sakamako ya fito: sunana mataki na ɗaya, nasa na biyar. Nan take na gane biyar ɗin tawa ce. In na yi magana, biyar ɗin ta dawo gidana. Sai na ninke takardata na yi gum, kamar abin da ke cikinta shi ne gaskiyar jikina. Bayan wata bakwai aka yi masa aiki aka cire ƙullutun. Tun daga nan fitsari ke ɗigo masa, alwala ba ta tsayawa, ya sauka daga limanci ya koma sahun ƙarshe kusa da ƙofa. Da aka duba abin da aka cire, sai ga shi mataki na ɗaya. Likita ya jera hotunanmu biyu, ya aika a kira ni. Na shiga dafe da ƙugu, don nawa ya riga ya wuce wuƙa, ya isa ƙashi. Ya ce, "Baba, wa ya kai kwalaben nan?" Taubashina na zaune a gefe. Bai zage ni ba, carbinsa ne kawai ya tsaya. Da ma Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.