Likitan Gubuchi Yana Kan Wani Kiran

Cikin saniyar ya kumbura har ɓarin hagu ya fi ƙashin bayanta tudu. Tana tsaye a ƙofar gidan Malam Maiwada a Gubuchi, ƙafafu a wawware, yawu na dalala, numfashi na fita da ƙyar. Bobbo, mai ita, ya naɗe igiyar a hannu har ta shiga fata.

Gyauron dawa ta ci. Kowa a ƙasar nan ya san gyauro ba ya jiran kowa. Ko dai a sami gwanin da zai huda cikin iska ta fita, ko a sa wuƙa tun da sauran rai don kada ta zama mushe. Ita kaɗai ce kuwa saniyar tatsar da ta rage wa Bobbo. Shekaru ya yi can kudu wajen kiwo, kwanan nan ya dawo da sanda da 'ya'ya ƙanana, kuma nononta ne abincinsu.

Ko gaisuwar kirki bai iya tsayawa yi ba. "Baba, wurinka na zo," ya ce. "Ka taimake ni."

Malam Maiwada ya dafa ɓarin hagun, ya ƙwanƙwasa da yatsu, ya ji ya amsa kamar ganga. Tausayi ya cika masa zuciya. To amma shi me zai iya? Tsoho ne da ko hularsa sai an nemo masa. Can idonsa ya faɗa kan takardar da ke manne a ƙofar zaurensa, rana ta cinye launinta, ɗauke da lambar layin taimakon manoma da makiyaya. Ashe aron waya yaron nan ya zo.

Aka yi sa'a yau 'yarsa Hussaina ta tafi bikin suna a Paki, ta bar wayar a caji. Ita ke riƙe masa ita kwanakin nan. Da an kira sai ta zagaya bayan ɗaki, ya riƙa jiyo ta tana ba mutane haƙuri, bai ma san na mene ne ba. Yaran yanzu da kinibibi.

Ya ɗauko ta, ya buga lambar. Wata murya mai sanyi ta yi masa maraba, ta ce ya danna ɗaya don taki, biyu don iri, uku don likitan dabbobi. Ya danna uku. Ta jero masa garuruwa, na Ikara, na Kudan, na Makarfi, har aka zo kan Gubuchi, ya danna. Su ofishin ba su da likita a zaune, tura kiran suke yi zuwa wayar likitan da ya fi kusa da mai kira. Aka ce ya dakata, ya dakata. Sai aka ce lambar tana kan wani kiran, ya sake gwadawa an jima.

An jima? Saniyar da ke wannan hali ina ta ga an jima? Ya sake bugawa daga farko, taki, iri, likita, Gubuchi. Amsar ba ta canja ba.

Bobbo ya dubi wayar, ya dubi zauren, ya buɗe baki zai yi magana. Furfurar tsohon ta sa ya haɗiye. Maƙwabcinsu Saminu, da ya fito jin nishin saniyar, ya ja shi gefe ya raɗa masa wani abu a kunne. Sai Bobbo ya juyo ya zuba wa Malam Maiwada ido, hawaye ya cika masa su taf. Allah sarki, in ji tsohon a ransa, Bafillace da saniyarsa sai Allah.

Karo na uku ma haka aka ce, kuma a nan ransa ya ɓaci. Wane irin likita ne wannan da baki ba ya hutawa? Kila ma hira yake da abokai, dabbar mutane na mutuwa. Da can likita likita ne, a tsakiyar ruwan sama za ka ga ya ɗaure kaya a bayan babur ya nufi ruga, ba sai an roƙe shi ba. Ya tabbata ya taɓa sanin wani mai irin wannan hali, sunan ne kawai ya ɓace masa.

Saniyar ta durƙushe. Bobbo ya zaro wuƙa daga kube, ya goga ta a tafin hannu.

"Tsaya, yaro," in ji Malam Maiwada. "Yanzu zan same shi."

Wannan karon ya saurari muryar har ƙarshe, ya ji ta ce a danna sifili don magana da ma'aikaci. Wata yarinya ta ɗauka daga ofishinsu na Makarfi, ta ce sunanta Farida. Ya zazzage mata abin da ke cikinsa tas. Ta ba shi haƙuri, ta ce bari ta haɗa shi da likitan da hannunta. Ya ji tana danne-danne, ta sake dannawa.

A gabansa Bobbo da Saminu sun riga sun juya saniyar ta fuskanci alƙibla. Saminu ya danne ƙahon, Bobbo ya yi bisimilla, ya sa wuƙa. Tsohon ya kau da kai.

"Shi ke nan, 'yata, an makara," ya ce. "Amma ki faɗa mini sunan likitan nan. Sai na je har gidansa na tambaye shi ko yana tsoron Allah."

Ya ji yarinyar ta ƙara danna wani abu.

"Baba," ta ce a hankali, "lambar da muke tura wa kiran ita ce wannan da kake kira da ita. Sunan likitan Malam Maiwada."