Ta Ƙarshe a Layin Likita

Wa ya fi haƙƙi a kan likita, marar lafiyar da ke kiransa ko mai jiransa a gida? Shi kansa likitan bai sani ba.

Ranar da ake nuna wa ɗaliban sakandare sana'o'i, teburinsa ya fi kowanne cika. Ya raba musu takunkumin tiyata, suka rufe fuska ana ta dariya.

"Likita, da ka kashe wayar nan," in ji shugabar makaranta.

"Ran mutane ke cikinta, Malama. Ba na kashewa."

Taro ya watse, saura yarinya ɗaya, takunkumi har gindin ido.

"Mai wannan aikin yana cin abinci da 'ya'yansa?" ta tambaya.

"In an samu sarari," ya ce, idonsa na kan waya. "Likita kike son zama?"

"Allah ya kiyaye."

"To me ya sa kika bi layi?"

Ta sauke takunkumin. Autarsa ce.

"An ce duk wanda ya bi layi za ka saurare shi, Baba."

Wayar ta hau ruri. Ya dubi 'yarsa, ya kashe wayar, ya jawo mata kujera.