Ganyen Tsohuwar Kan Tudu

Ranar Juma'a ce, ana yayyafi a birnin Bergen.

Gunnvor ta jera farantai goma sha biyu a kan teburin malaminta, Farfesa Eilif Brekkhus. A kowanne ta shuka ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da miki, ta ɗiga ruwan wani ganyen daji da ake kira ryllik a tsakiya. Kewaye da ɗigon wuri ya wanke fes, ƙwayoyin sun mutu. Shekara uku tana wannan aiki. Ta ware sinadarai goma sha ɗaya daga ganyen, huɗu masu kashe ƙwayar cuta, sauran masu hana nama lalacewa. Sa hannunsa kawai ya rage. In bai sa ba yau, babu digiri, babu aiki.

Farfesa ya shigo yana jan ƙafar hagu kamar kullum. Ɗakin ya ɗauki warin ganye mai ɗaci, ta ɗauka na farantanta ne. Ya tura faranti ɗaya da bakin alƙalami, kamar wanda ya ga mataccen ɓera.

Ya tambayi inda ta samo ganyen. Ta ce wurin Torbjørg ne, wata tsohuwa da ke kan tudu, tafiyar awa biyu daga gari. Mutane na kai mata mikin da ya gagari asibiti. Ta ƙara da cewa, tana murmushi, tsohuwar ta gargaɗe ta kada ta rubuta haɗin, wai maganin da ya hau takarda ya mutu. Haka mutanen tudun suka yi imani tun kakanni.

Bai yi dariya ba.

"To, 'yar boka," in ji shi, "jami'a ce nan ko rumfar tsibbu? Shekara arba'in ina korar irin wannan shirme."

Ta nuna masa lissafin. Ya ce faranti ba mutum ba ne, ko sabulun wanki yana kashe cuta a faranti. Ya buɗe babi na biyar na kundinta, inda haɗin yake dalla-dalla, ya daɗe a kai. Sannan ya ce farantai uku na ƙarshe ma banza ne, ganyen da aka tsinka bayan bikin tsakiyar bazara ai abincin tumaki ne. Gunnvor ba ta rubuta ranar tsinka a ko'ina ba, amma ɓacin rai bai bar ta ta lura ba.

"Cire babin nan, ki ƙona shi, sai in sa hannu. Ko ki je ki sayar da shayi."

Ta cire. Ya sa hannu ba tare da ya kalle ta ba.

Washegari da sassafe ta hau tudun, don ta gaya wa tsohuwar irin mutumin da ya raina ta. Ta tarar da wata baƙar mota a gindin shinge. Ƙofar kicin a buɗe take. Farfesa na zaune a kan guntun benci, wandon hagu a naɗe har gwiwa, Torbjørg na ɗaure masa dakakken ganye a kan wani tsohon miki.

"Na sa ta ƙona babin, Inna," yake cewa. "Ɗaure da kyau, maganin zai ci gaba da ci."