Ƙwaƙwalwar Aro

Kawu ya ɗaga baƙin hoton asibiti mai kamar leda, rana ta ratsa shi, majalisar ƙofar gidansa ta zuba ido.

"Ku duba da kyau! Ƙwaƙwalwar ɗana ke nan. Likitocin jami'a uku suka taru a kanta, har da Bature, suka ce fes take. Ina 'yan Azaren da ke cewa akwai farfaɗiya a gidana?"

Na ce, "Kawu, a juye fa ka riƙe shi."

"Rufe min baki, ɗan acaɓa kawai!"

Na rufe, amma ni na goya yaron a babur zuwa motar masu bincike na jami'a. Da masu binciken suka zo neman yara masu faɗuwa, za su kai su Kano hoto a ɗora su kan magani, Kawu ya kulle ɗansa mai farfaɗiyar a ɗaki, ya tura ƙanin yaron lafiyayye a madadinsa. Wai kada manema 'yan matansa su gudu.

Ana cikin "Masha Allah" sai muka ji tim daga cikin gida, uwar mai farfaɗiyar ta ƙwalla salati.

Kawu bai juya ba. Ya ƙara ɗaga hoton, har ya rufe masa fuska.