Sifiri Ɗari da Tamanin

Mako na shida ke nan, ko mutum ɗaya bai turo aikin da ta bayar ba.

Dakta Mutinta Hamoonga ta sake buɗe shafin ajin na intanet, ko kwamfutar ce ke mata tsiya. Ina! Sunaye ɗari da tamanin reras, gaban kowanne an rubuta “bai miƙa ba”. Takaici ya ishe ta, har tuwon nshimar da ta sayo ya huce a roba ba ta taɓa shi ba.

Watanta biyu kacal a jami'ar nan ta Lusaka, aikin ma na gwaji ne. Kwas ɗin ƙididdiga ta gada daga wani dattijo da ya yi ritaya, ya bar mata shafinsa yadda yake. Dokar sashe kuwa a fili take: ƙarshen zango za a duba abin da ɗalibai suka yi a shafi, da shi ake tabbatar da malami ko a sallame shi.

Me ba ta yi ba? Bidiyon darasi tara ta ɗora, ana kawo wuta ana ɗaukewa. Ta yi lallami, ta yi barazana. Amsa biyu jal ta samu. Wani Chileshe ya rubuto, “Malama, ai ni ina can garin Kitwe, aiki ya yi mini yawa.” Wata kuma, “Ayya, ashe ana tunawa da mu!” Har da hoton dariya. Wannan raini da me ya yi kama?

Wakilin aji, Bwalya, ya tare ta a baranda.

“Malama, na rantse ba mu ga komai a shafin ba.”

“Ku dai ba kwa gajiya da ƙarya. Jiya babu data, yau babu shafi. Ɓace min da gani!”

Ranar Juma'a ta danƙara wa kowa sifiri, ta buga takardar, ta nufi ofishin shugaban sashe. Gara ta riga su kai ƙara.

“Farfesa, ga 'ya'yan naka. Ni dai na yi iya yina.”

Farfesa Simukonda ya gyara tabarau ya bi sunayen da yatsa. Ya kai rabi ya tsaya, ya koma sama, sannan ya ɗago.

“Dakta, duk makonnin nan waɗannan kike koyarwa?”

“Su ne, Farfesa. Marasa kunya!”

“To naki ɗaliban fa, wa ke koyar da su? Waɗannan ai a gabana suka karɓi digirinsu bara.”