Kifi Mai Cin Murjani

"Inna, ki sa masa ido," in ji Malam Jabir, yana sakin sabon kifin a akwatin gilashi. "Mai sayarwa ya ce irinsu kan ci murjani. Da kin ga ya nufe shi, ki tsame shi."

Inna ta shafa wuyanta.

Shekara uku malamin makarantar nan yana renon murjanin teku mai rai a Safana. Da tsadar rayuwa ta matsa, nama ya haƙura da shi, amma gishirin ruwan akwatin bai taɓa yankewa ba. Kifin kuwa, rungume ya ɗauko shi a babur tun daga Katsina.

Ranar yana aji, hankalinsa yana gida. Ana tashi ya sheƙo ya leƙa. Murjani lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Bai ga kifin ba, ya ce baƙunta ce, ya laɓe bayan duwatsu. Ya yi hamdala, ya zauna wa tuwo. Rabonsa da miya mai daɗi haka tun Sallah.

"Inna, ashe bai taɓa murjanin ba."

"Wa ya ba shi dama?" Ta jawo jan murjanin wuyanta, gadon kakarta. "Ina sunkuyawa in duba shi, ya taso min baki buɗe. Na tsame shi yadda ka ce."

Hannun Jabir ya tsaya. "Yana ina?"

"Ga shi nan a lomarka. Ɗan albarka, ko gishiri ban sa ba."